Mai Wuƙar Bulus

Bazarar bana ta shigo Bauchi ba sallama. Ɗakin da nake haya a Yelwa rufin kwano ne ba silin, tun daga hantsi yake zama tanda, wuta kuwa sai ta ga dama. Jiya da rana na baje takardun jarrabawa a kan tabarma, zufa na ɗiga a kan rubutuna, sai gyare ya fara kuka a dogon-yaron da ke tsakar gida. Na ajiye biro. Ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba, domin kukan ya mai da ni wata bazara a bayan Zungur, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar zafi, malaman jami'a kuma suka tafi yajin aikin da muka zaci ba zai ƙare ba.

Mu huɗu ne, unguwa ɗaya muka tashi. Akwai Sani, dogo mai saurin fushi da saurin hucewa. Akwai Gambo, wanda ko gobara ake yi sai ya gama tauna abin da ke bakinsa. Akwai Bulus, wanda iyayensa suka taso daga kudancin jiha tun ba a haife mu ba, katanga ɗaya ta raba gidansu da namu. Sai ni, Habibu, da suke kira Farfesa saboda tabarau da kuma littafin da ba ya barin aljihuna.

Shekarar ta yi tsanani. Ina ganin Inna tana share kan mudu da gefen hannu kafin ta juye a tukunya, in ta lura ina kallo sai ta yi kamar tsakuwa take tsincewa. Tun rasuwar Baba komai na gidan a kanta yake, ga ni ƙato a gida, ba makaranta ba sana'a. Su ukun ma hakan take a gidajensu.

Gambo ne ya kawo shawara. Baffansa yana da gona a bayan Zungur, can gindin wani dutse, ya kuma yarda mu kafa bukka a gefen da ba ya nomawa, mu riƙa farauta. Kowa ya kawo abin da yake da shi. Sani ya jajibo tsofaffin kwano daga kangon gidansu. Gambo ya saro itace, ya roƙo zana a ƙauye. Bulus ya zo da bindigar babansa ta gargajiya da karensa Barsu, wani ja mai yagaggen kunne. Ni kuma Inna ta ba ni tukunyar dalma mai kunne ɗaya, da wuƙar layyar Baba a cikin kubenta, wai in riƙa yanka albasa. Muka tashi bukka a ƙarƙashin wata tsamiya, muka binne randa a inuwa har wuya. Bukkar ba ta kowa ba ce, tamu ce mu huɗu.

Kwanakin kusan iri ɗaya ne. Mu yi sahur da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, wani lokaci da ɗumamen jiya. Ana idar da sallar asuba su fita tun ƙasa da sauran sanyi. Sani da Gambo suna bin fako da sanduna da tarko, ɗaya ya koro ɗaya ya tare. Bulus da Barsu su haura dutse. Ni aka bar wa gadin tukunya da ɗibar ruwa. Rafin ya ƙafe tun tuni, sai dai in tona yashi har hannuna ya nutse zuwa kafaɗa, in zauna in jira ruwan ya tsatso, in riƙa kwalfa da gwangwani ina tacewa da gefen riga. Kafin jarka ta cika na karanta babi guda. Da rana ta take, duk mu kwanta a gindin tsamiya kamar an zubar da mu, iska na busowa kamar daga bakin murhu, gyare na kuka, leɓe ya bushe har ya tsage. Ba mai magana, domin magana ma yawu take ci. Sai bayan la'asar a sake fita.

Abin da ba mu yi tunaninsa ba tun a gari shi ne yanka.

Bulus ne kaɗai maharbi a cikinmu. Sani ya taɓa karɓar bindigar ya auna zabo, ya sami bishiyar kuka, bindigar kuma ta zaunar da shi a kan ƙaya. Barsu ma ba ya jin kiran kowa sai na mai shi. To amma duk abin da Bulus ya harbo a saman dutse, kafin ya sauko da shi rai ya fita, ba wanda ya sa masa wuƙa da sunan Allah. A wurinmu mu uku ya zama mushe.

Ranar farko zabi biyu ya kawo, manya. Muka tsaya muna kallonsu, su kuwa idonsu a rufe.

«Ci abinka, Bulus,» in ji Gambo. «Rabonka ne.»

Ya zagaya bayan bukka ya gasa. Iska kuwa ba ta san doka ba, ta ɗebo ƙamshin ta kawo mana daidai lokacin da muke buɗa baki da tsamiyar da na jiƙa da garin kwaki. Na leƙa ta kafar zana. Ya yagi tsoka ɗaya, ya daɗe yana taunawa yana kallon ƙasa, sannan ya tura wa Barsu sauran. A makon nan karen ne kawai ya yi ƙiba.

Da abin ya sake faruwa, wannan karon da zomo, Sani ya kasa haƙuri. Shi da Gambo sun wuni ba su samo ko ɓera ba. Bayan mun sha ruwa ya dangwarar da kofi.

«Mu daina yaudarar kanmu. Kowa ya nemi tukunyarsa, kowa ya ci abin da ya kama. Kai ka ci namanka, mu mu ci garinmu. Ai ba dole.»

«Ka ga na ci?» in ji Bulus.

«Na ga karenka ya ci. Dube shi, har wuya ya ajiye kamar ɗan kwangila.»

Ba wanda ya yi dariya. Bulus ya tashi ya fara naɗe bargonsa a hankali.

«Ni ban zo daji don in ɓuya a bayan bukka ina cin nama kamar ɓarawo ba. In tukunya biyu za a yi, gara in koma gida da safe. Ku riƙe bukkarku.»

Ni ba mai magana ba ne a cikin mutane, ko da mutanen uku ne kuma tare muka yi wasan ƙasa. Amma wuƙar Baba tana hannuna, ina goge mata albasa, sai na tuna inda na fi saninta. Kowace Kirsimeti, tun da sassafe Maman Bulus takan leƙo ta katanga ta ce, «Malam ya tashi?» Baba ya ɗauki wannan wuƙa ya zagaya ya yanka musu akuya, don da rana in ta aiko da shinkafa a kwanon sha mai murfi kowa a gidanmu ya iya sa hannu.

«Akwai... akwai yadda Mama take yi,» na ce. «In mai wuƙa yana bin Bulus a baya, duk abin da ya faɗi sai a yanka tun da ransa.»

Gambo ya haɗiye abin da ke bakinsa. «Farfesa ya yi magana. A rubuta ranar nan.»

«Wa zai bi shi?» in ji Sani. «Mutumin da ke hawa dutse kamar akuya? Ni da Gambo ba ma rabuwa, tarko sai da mutum biyu.»

Sai duk suka juyo suna kallona.

«Ni ko kaza ban taɓa yankawa ba.»

«Wanda ya kawo magana shi ke ɗaukar wuƙa,» in ji Gambo.

A yammacin nan muka kafa dokokin bukka. Na zaro biro zan rubuta a bangon littafina, Gambo ya ƙwace. Ya ce abin da aka rubuta gara na iya cinyewa, kowa ya ɗora hannu a murfin tukunya ya faɗi tasa da baki. Murfin da sauran zafi, don haka ba wanda ya yi dogon jawabi.

Gambo ya ce tukunya ɗaya ce, ba abin da zai shige ta sai wanda mu huɗu za mu iya ci. Na ce Bulus ba zai haura dutse ba sai da mai wuƙa. Bulus ya ce ba a harbin mai ciki ko mai goyo, haka babansa ya koya masa. Ya ƙara da cewa gadu kuwa, tun da ba ma ci, ko ya zo har ƙofar bukka ya gaishe shi ba zai ɗaga bindiga ba.

«Amma ku sani ina yin asara,» ya ce. «Ba ku san abin da kuke rasawa ba.»

«Allah ya tsare,» in ji Gambo.

Sani ne na ƙarshe. Ya daɗe hannunsa a kan murfin, har na ga yana cije leɓe.

«Tawa ita ce, Bulus ya daina zagayawa bayan dutse don ya sha ruwa. Ka ɗauka ba ma ganinka? Azuminmu ne, ba naka ba. Ga randa nan, ka sha a gabanmu, ka yi gyatsa in ka so.»

Iyakar ban-haƙurin Sani ke nan, kuma duk mun gane. Bulus ya warware bargonsa. Amma kafin ya shimfiɗa ya dube ni.

«Farfesa, na faɗa da gaske. Ba zan ƙara cin nama kuna kallo ba. In abin bai yiwu ba, ranar Asabar zan tafi bikin Ista, kuma ba zan dawo ba.»

Washegari na fara bin sa. Ban san dutsen nan yana da tsawo haka ba sai da na hau shi da azumi a bakina. Ciyawar da aka ƙone ta bar tsinke masu huda takalmi, duwatsun tun hantsi suke ƙona tafin hannu, tabarau na zamewa a kan zufa. Bulus yana gaba, ba ka jin takunsa. Ni kuwa kowane busasshen ganye a dajin sai da na taka.

«Farfesa, kai da tafiya kamar ana sauke kwano daga mota. Zabin Zungur duk sun san ka iso.»

Ranar ya harbi zabo a wani tudu, kafin in rarrafo in isa ya riga ya sandare. Bulus ya ɗaga shi ya juya, ya miƙa wa Barsu. Rana ta gaba ba mu ga ko inuwar tsuntsu ba, muka dawo da ɗorawa cike da riga, muka dama garinta muka sha, bakinmu duk rawaya. Garin kwakinmu ya kusa ƙarewa. Sani bai ƙara yin ƙorafi ba.

Asabar ta zo da wani irin zafi mai nauyi, sama ta yi fari fat, ko ganye ba ya motsi. Bulus ya ɗaure kayansa ya ajiye a bakin bukka tun kafin mu fita. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Mun daɗe muna yawo. Rana ta kusa kaiwa tsaka, harshena ya zama kamar guntun fata, na fara tunanin ce masa mu koma, sai Barsu ya tsaya cak. Bulus ya durƙusa. Ban ga komai ba sai ƙarar bindiga da hayaƙi, sannan wani abu ja ya fyalla daga cikin sabara yana ɗingishi. Gada ce. Kare ya bi ta, Bulus ya yar da bindiga ya bi kare.

«Wuƙa, Farfesa! Biyo ni!»

Na bi. Ƙaya ta fizge mini hula, ban tsaya ba. Igiyar takalmina ɗaya ta tsinke, na bar shi a nan. Can na daina ganinsu, na daina jin haushin kare, sai bugun zuciyata da kukan gyare ta ko'ina. Na tsaya na dafa gwiwa, ƙasa na juyawa. A raina na ce shi ke nan, ta mutu, ko ta tsere, Bulus zai ɗauki bargonsa.

Sai na ji muryarsa daga ƙasa, cikin wani kwazazzabo.

«Habibu! Habibu!»

Tun muna firamare rabon da ya kira ni da sunana. Na gangara da mazaunai, tsakuwa na bina.

Na same shi kwance a kan gadar. Ya danne ta da ƙirji, hannu ɗaya ya riƙe ƙahonninta, ƙafarsa ɗaya kuma tana tokare Barsu da ke neman maƙogwaronta. Tana ta harbi da ƙafafun gaba, kofatonta ya yaga masa riga, ya tsaga masa dantse, jini na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a yashi. Ga dutse a gefensa, bugu ɗaya zai yi mata ya huta. Bai yi ba. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba.

«Sannu da zuwa,» ya ce yana haki. «In ka gama yawon shan iska, ga baƙuwarka.»

Na zare wuƙa, hannuna na rawa. Na ɗaga kai in nemi gabas, rana tana tsakar ka, ga bangon kwazazzabo hagu da dama. Duk karatun da na yi a zaure game da yanka yana kaina, amma ban san inda alƙibla take ba.

«Ina ne gabas?»

«Kai! Malam guda!» Ya ja numfashi, ya murgina da gadar gaba ɗaya, ya juya wuyanta wajen wata kuka da ke leƙowa daga sama. «Can ne. Nan kuke kallo kullum in kuna salla, ina ganinku. Sa gwiwarka a nan. Riƙe haɓar. Yi bisimillarka da ƙarfi, kada ka tsaya a rabi.»

Na yi bisimilla, na yi kabbara, na ja wuƙar Baba kamar yadda na sha ganin yana yi a tsakar gidan su Bulus. Ban tsaya a rabi ba.

Da ta daina motsi na koma gefe na zauna, idona na ganin duhu-duhu. Na ji ruwa mai ɗumi yana sauka a kaina, yana bin wuyana. Bulus ne yake juye mini gorarsa.

«Rufe bakinka,» ya ce. «Ban ce ka sha ba. Kada a ce na karya maka azumi.»

Muka ɗaure dantsensa da abin da ya rage na rigarsa, muka koma muka tsinci bindiga da takalmina, muka rataya gadar a sanda. Da muka ɓullo, Sani ya miƙe daga gindin tsamiya. Bai kalli naman ba, wuyan ya fara dubawa. Sannan ya dubi wuƙar da ke ƙuguna, ya dubi hannun Bulus.

«Wa ya yi maka wannan?»

«Abincinka.»

Sani ya juya ya shiga bukka, ya daɗe yana neman abin da ban sani ba. Da ya fito idonsa ja, ya ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba tukuna. Shi ya feɗe gadar, shi ya cire cinya guda ya naɗe a ganye ya ɗora a kan bargon Bulus.

«Ta Mama ce, ta Ista. Ka ce mata yankan ɗan Malam ne.»

Bulus ya ce ba zai kama hanya ba sai an sha ruwa, gobe da asuba Baffa zai kai shi bakin titi a babur, zai sami coci. Na dafa naman da albasa da barkono da 'yar daddawar da ta rage. Da rana ta faɗi muka kewaye tukunya mai kunne ɗaya, hannu huɗu a ciki, muna ƙona yatsu. Can wajen kudu hadari ya fara haɗuwa, iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri. Bai iso mu ba ranar. Bulus ya cika kofi daga randa, ya shanye a gabanmu, ya yi gyatsa mai ƙarfi yana kallon Sani. Ranar Talata ya dawo, da sabon bandeji da cincin daga Mama.

Bukkar ba ta nan yanzu. Baffa ya rasu, 'ya'yansa sun raba gonar, an sare tsamiyar, an ce har gindin dutsen an kafa duwatsun filoti. Barsu ya tsufa ya mutu. Sani yana tuƙa keke mai ƙafa uku tsakanin Yelwa da cikin gari, Gambo yana kiwon kifi a wajen Gubi, Bulus ya yi aure yana koyarwa a wata firamare. Ni kaɗai na rage a jami'a. Azumi ma ya matsa baya, ya bar mana zafin kawai. Tukunyar ta koma wurin Inna, wuƙar kuma tana cikin akwatina a ƙarƙashin littattafai.

Yau Asabar. Da safen nan ina shirin komawa kan takardun da na bari jiya, na ji keke ya tsaya a ƙofar gida, aka ƙwala kira.

«Farfesa! Fito da kayan aiki!»

Bulus ne, da wani jan zakara a hammata, Sani na zaune a gaban keke yana danna hon ba dalili.

«Bulus, mahauta sun cika garin nan. Tun daga unguwarku ka wuce nawa kafin ka zo nan?»

«Ni na kafa dokar? Kai ka ɗora hannu a murfi ka faɗa.»

Na ɗauko wuƙar. Muka zagaya gindin dogon-yaro. Tun kafin in nemi alƙibla, ya durƙusa ya take fukafukan, ya juya wuyan zakaran wajen gabas. Hannun rigarsa ya zame, tabon ya fito, fari, dogo.

«Har yanzu hannun nan yana rawa?»

«Kaɗan.»

«To yi bisimillarka.»

Da muka gama ya sa zakaran a leda, ya hau keke. Har sun fara tafiya ya leƙo da kai.

«Gobe bayan an taso daga coci. Gambo ma zai zo. Ka biya wurin Inna ka karɓo tukunyar, madam ta ce tata ba ta ɗaukar hannu huɗu.»